Giyar Kirsimeti: abin da dokar sarki ta fara, hunturu ya raya

A ƙarni na 10, Sarki Haakon na ƙasar Nowe ya matsar da bikin hunturu na gargajiya, wanda suke kira Jul, ya haɗe shi da Kirsimeti, ya kuma wajabta wa kowane magidanci dafa giya domin bikin. Dokar Gulating da ta biyo baya ta fi tsanani: manomin da ya shekara uku a jere bai dafa ba, sai a raba dukiyarsa tsakanin sarki da bishop. A ganina, wannan doka ta hatsi ce kafin ta zama ta abin sha. Ƙasa ce da rana ke faɗuwa tun kafin la'asar a watan Disamba, kuma yawan sha'irin da mutum ya sadaukar domin baƙinsa shi ke nuna yadda damina ta yi masa.

Ƙarfin giyar ma daga hatsin yake. Ana jiƙa sha'ir ya yi tsiro, a busar, a gasa shi har ya yi duhu. Yawan tsiro shi ne yawan zaƙi, yis kuwa zaƙin yake mayarwa barasa. Shi ya sa St. Bernardus Christmas Ale ta Beljiyam ke kai kashi 10 cikin ɗari, Samichlaus ta Ostiriya kuma kashi 14. Ita Samichlaus sau ɗaya ake dafa ta a shekara, ranar 6 ga Disamba, sannan ta kwanta wata goma kafin ta shiga kwalba.

Masana ɗanɗano ba sa shan irinta da sanyin ƙanƙara, don sanyi na danne ƙamshi. Sukan zuba kaɗan a kofi mai faɗin ciki, su bari ta sha iska, su shinshina tukuna. Abin da suke nema shi ne kirfa, kanumfari, citta, ɓawon lemo, da ɗanɗanon busasshen inabi da gasasshen tsiro ke bayarwa. Ɗumin da mai sha ke ji kuwa yaudara ne: barasa na buɗe jijiyoyin jinin fata, zafin jiki na tsiyayewa waje, abin da ke da haɗari ga mai tafiya cikin dusar ƙanƙara.

A Suwidin kuwa, wani mai suna Harry Roberts ya fito da julmust a 1910, abin shan Kirsimeti mai ɗanɗanon tsiro wanda babu barasa a cikinsa. Har yau, idan Disamba ta kama, cinikin Coca-Cola a ƙasar yakan ja baya saboda shi.