Kiyaye Haɗari Wajen Aiki da Injin Ɗaga Ma'aikata Sama a Wuraren Gini

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan injin nan mai dogon hannu da kwando a bakinsa, wanda ake ɗaga ma'aikaci da shi zuwa saman gini don yin fenti ko walda ko haɗa wayoyi. Kamfanin JLG, wanda John L. Grove ya kafa a Amurka a 1969, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa shi. Abin da za a nuna shi ne, sau da yawa tun daga ƙasa ake shuka haɗarin wannan inji, kafin ma kwando ya tashi.

2.0 Matsayar Inji

Gwargwadon yadda hannun inji ya miƙe, gwargwadon yadda nauyin kwando ke ƙara rinjayar gindinsa. Saboda haka ɗan nutsewar da taya za ta yi a ƙasa, a can sama babbar girgiza ce. Wajibi ne a duba wurin tukuna, a guji ramin da aka cike kwanan nan, da murfin kwata, da ƙasar da ruwan sama ya jiƙa. A ja birki, a kafa ƙafafun tokare a kan faranti ko daɓe mai ƙarfi, a kuma sa wa tayoyi waigi idan akwai gangara. Nauyin da aka ƙayyade wa kwando ya haɗa da mutum da kayan aikinsa duka. Haka nan yawancin injunan ba a yarda a ɗaga su ba idan gudun iska ya wuce mita 12.5 a daƙiƙa.

3.0 Wayoyin Lantarki

Hukumar OSHA ta Amurka, wadda ta fara aiki a 1971 don kare lafiyar ma'aikata, ta ƙayyade a bar tazarar aƙalla ƙafa 10, watau kimanin mita 3, daga wayar da ƙarfinta bai wuce bolt 50,000 ba. Dalili kuwa, wuta mai ƙarfi tana iya tsallakowa ko ba a taɓa wayar ba. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin layukan bolt 11,000 da 33,000 suna bin titunan garuruwanmu daf da gine-gine. Ko an ɗauke wuta, a ɗauka kowace waya tana da rai, don ba a san lokacin da za a maido ta ba.

4.0 Ma'aikaci a Cikin Kwando

Ma'aikaci ya sa ɗamarar tsaro, ya ɗaura igiyarta a jikin kwando ko hannun inji. Kada ya ɗaura ta a turken wuta ko ƙarfen gini, domin in inji ya motsa, igiyar ce za ta fizgo shi waje. Tun daga 1998 dokar Amurka ta daina amincewa da ɗamarar ƙugu kaɗai wajen tare wanda ya faɗo, sai mai kama kafaɗu da cinyoyi. Ya tsaya da ƙafafunsa a daɓen kwando, ban da hawa gefensa ko kafa tsani a ciki. Bugu da ƙari, injin yana da maɓallan sarrafawa biyu, na sama da na ƙasa. A gwada su kowace rana kafin aiki, a kuma ajiye mutum a ƙasa wanda ya iya sauko da kwando in na sama ya kasa.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, duba ƙasa da waya da maɗaurin igiya ba ya cin lokaci mai yawa, amma a kansa rayuwar ma'aikaci ta rataya. Ya kamata makarantun koyon sana'a da 'yan kwangila su tabbatar ba wanda ya hau wannan inji sai wanda aka horar.