Kasuwar Dole da Ginin Damagaram

Duk baƙon da ziyarar aiki ta kawo shi Zinder, ko magini ne shi ko malamin tarihi, wanda ya yi niyyar fahimtar katangun unguwar Birni da sorayen unguwar Zango, lalle ya kamata ya fara da Kasuwar Dole ranar Alhamis, domin dukiyar da ta ɗaga waɗannan gine-gine daga hannun fatake ta fito.

Tun da asuba mutanen ƙauyuka, na Droum da Mirriah da sauran garuruwan da ke kewaye, sukan shigo da amalanke da jakuna, ɗauke da gero da wake da gyaɗa, kafin hantsi kuwa rumfuna sun cika maƙil. Mai awo na zaune gaban tarin hatsi, yana cika tiya har ta yi tozo, ya zuba wa mai saye, sa'an nan ya ƙara masa gyara, ana lissafi da dala da jika, alhali kuwa naira ma tana yawo saboda kusancin Kano da Daura. A wani sashe akwai kantun gishirin Bilma, da dabinon Kawar, da kanwar ƙasar Manga. A wani kuma dukawa ne, waɗanda ke karɓar jar fatar akuya daga majema, su yanka, su ɗinka, su fitar da jaka da takalmi da kube masu ado.

Wannan tijara tsohuwa ce. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ayarin Abzinawa da fataken Larabawa sun riƙa sauka a Zango, suna kai fatu da gashin jimina zuwa Tarabulus, suna komowa da tufafi da takarda. Da ribar wannan mu'amala aka ƙarfafa ganuwa, attajirai irin su Malam Yaro kuma suka kafa manyan gidaje. Ko bayan da Faransawa suka ci garin a 1899, har suka mayar da hedikwatar mulkinsu daga Zinder zuwa Yamai a 1926, ciniki bai yanke ba.

Saboda haka idan baƙo ya baro kasuwa ya shiga lungunan Birni, ya ga zaure na tubali, rufinsa na azara, kusurwoyinsa da zankwaye, fuskarsa kuma da zanen da magini ya fitar da hannu tun laka tana ɗanya, sai ya san cewa mai gidan ya bayyana wadatarsa ne da mutuncinsa ga masu wucewa. A yau siminti da kwano suna cin waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya, damina kuma tana rushe wanda aka daina yi wa yaɓe. Haƙƙi ne a kan attajiran Dole na yanzu su ɗauki nauyin gyaran abin da magabatansu suka gina, su kuma riƙe maginan gargajiya da aiki tun suna raye.