Sana'ar Toshe Tagogi da Ƙofofin Kantuna Bayan An Fasa Su

Duk wanda ya ga hotunan biranen Amurka na ƙarshen watan Mayu da farkon Yuni na shekarar 2020 zai iya tuna yadda manyan titunan kasuwanci suka koma. Kantuna ne jere reras, amma gaban kowannensu an rufe shi ruf da falankin katako. Wannan ya biyo bayan tarzomar da ta tashi sakamakon kisan George Floyd a hannun ɗan sanda a birnin Minneapolis ranar 25 ga Mayu. A Minneapolis da maƙwabciyarta Saint Paul kawai, gine-ginen da aka yi wa ɓarna sun haura 1,000. Wasu masu kantuna da hannunsu suka kafa katakon, wasu 'yan unguwa suka taya su, amma akwai kuma mutanen da wannan aiki shi ne sana'arsu, ana kiransu ta waya dare ko rana. A wannan ɗan bayani za mu duba dalilin da ya haifar da sana'ar, da yadda ake yin ta, da kuma inda amfaninta yake komawa illa.

Dalilin sana'ar

Mai karatu zai iya tambaya, in gilashi ya fashe me zai hana a sayo wani a sa nan take? Amsar tana cikin irin gilashin. Gilashin da aka saba da shi yakan fashe ne manya-manya masu kaifi kamar takobi, saboda haka dokokin gini a Amurka da Ingila suka wajabta a sa gilashi mai aminci a ƙofofi da kewayensu. Ɗaya daga cikin irinsa shi ne wanda ake gasawa da wuta mai tsanani sa'an nan a sanyaya shi farat ɗaya. Wannan yana da ƙarfi ƙwarai, in kuwa ya fashe sai ya warwatse ƙanana kamar tsakuwa. To, amma da zarar an gasa shi ba ya yankuwa. Dole sai an auna tagar, an kai awon masana'anta, an yanka, an gasa, kafin a kawo. Wannan yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, musamman in kantuna da yawa aka fasa a dare ɗaya. A tsawon waɗannan kwanaki kuwa kantin a buɗe yake ga ɓarawo da ruwan sama da sanyi. Wannan tazara tsakanin fashewa da gyara ita ce abincin masu sana'ar.

Dalili na biyu shi ne inshora. Yarjejeniyar inshora kan ɗora wa mai kanti nauyin kare dukiyarsa daga ƙarin ɓarna bayan hatsari ya auku. Alal misali, in ɓarayi suka fasa taga daren Litinin, mai kanti ya bar ta haka, sa'an nan ruwa ya jiƙa kaya ranar Laraba, kamfanin inshora yana da hujjar ƙin biyan asarar ta biyu. Shi ya sa mai kanti, ko da ƙarfe uku na dare aka tashe shi, ba ya jiran gari ya waye.

Yadda ake aikin

Babban kayan aikin shi ne falankin da kafintocinmu ke kira filawud, watau siraran ɓawon katako da aka liƙa wani bisa wani, jijiyar kowane ɗaya ta gitta ta na ƙarƙashinsa. Wannan gittawa ita ce ta sa ba ya tsagewa da duka ɗaya kamar yadda katakon gaske ke yi. Awonsa da aka saba shi ne ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, kauri kuwa daga rabin inci zuwa kashi uku cikin huɗu na inci.

Ma'aikaci ba ya fara taɓa kome sai 'yan sanda sun gama dubawa, an kuma ɗauki hoton ɓarnar domin inshora. Daga nan ya sa safar hannu mai kauri da tabarau, ya cire ragowar gilashin da ke maƙale, yana farawa daga sama, domin wanda ke rataye shi ne mai sare hannu. Sai ya share, ya auna, ya yanka falanki.

Wurin kafawa nan ne gwaninta take. In firam ɗin tagar na katako ne, to, da sauƙi, sai a ɗaure falankin da sukurori. Ba a son ƙusa, domin ana iya ɓamɓare ta da ƙarfe, kuma cire ta daga baya yana lalata firam. Amma yawancin kantunan zamani firam ɗinsu na alminiyom ne, wanda in aka huda shi an jawo wa mai kanti wata sabuwar asara. Dabarar da ake yi ita ce ta matsewa. A jingina falankin daga waje, a gitta sandunan katako biyu a kansa, a gitta wasu biyu daga ciki waɗanda tsawonsu ya wuce faɗin tagar har suka dafe bango, sa'an nan a zura dogayen ƙusoshi masu noti su ratsa duka. Kan ƙusar da ke waje mulmulalle ne, sifana ba ta da inda za ta kama, notin kuwa yana ciki. In aka ɗaure tamau, bangon da kansa ne ke riƙe da katakon, ba a kuma huda ko'ina ba. A ganina wannan dabara ta cancanci kafintocinmu su koye ta, domin babu abin da take bukata wanda ba a samu a kasuwa.

Ƙofa ta fi taga wuya, tun da tilas a bar hanyar shiga da fita. Akan yi mata ƙyaure na wucin gadi da sakata da kwaɗo. In kantin zai ci gaba da ciniki, sai a rubuta a jikin katakon cewa a buɗe yake, don kada masu saye su zaci an tashi.

Akwai kuma toshewa ta rigakafi, wadda ake yi tun gilashi bai fashe ba. Mutanen Florida sun saba da ita a lokacin guguwar teku, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Haka kuma kantuna da dama a Washington da New York sun rufe gabansu da katako gab da zaɓen Nuwamba na 2020 don tsoron rikici.

Inda amfani ke komawa illa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasu masana biyu na Amurka, James Q. Wilson da George Kelling, sun kawo ra'ayi mai kama da wannan cikin wata maƙala da suka buga a mujallar The Atlantic a 1982. Cewa suka yi taga ɗaya in ta fashe aka bar ta ba gyara, tana sanar da masu wucewa cewa wurin ba shi da mai kula, ba da jimawa ba sai a farfasa sauran. Masana da yawa sun soki yadda 'yan sandan New York suka yi amfani da ra'ayin a shekarun 1990 wajen kame talakawa kan ƙananan laifuffuka, kuma sukar tana da ƙarfi. Amma abin da ya shafe mu a nan shi ne, katakon da aka kafa don rufe tsagar shi ma yana magana. A mako na farko yana nuna akwai mai kula. In ya kwana wata shida, ruwa ya kumbura shi, ya yi baƙi, to, ya koma shelar cewa babu kowa a ciki. Bugu da ƙari yana hana maƙwabta da 'yan sanda ganin abin da ake yi a bayansa, kuma 'yan kwana-kwana sai sun ɓata lokaci wajen ɓalle shi in gobara ta tashi.

Wannan ne ya sa jihar Ohio a 2017 ta hana amfani da filawud wajen toshe wasu gidajen da aka bari kango saboda bashin banki, aka koma ga wata irin roba mai ƙarfi wadda ake gani ta cikinta kamar gilashi. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, don haka a aikin gaggawa na tsakar dare har yanzu katako ake ɗaukowa.

Wani abin sha'awa shi ne yadda jama'a kan ƙi yarda katakon ya zama alamar mutuwar unguwa. A tarzomar Landan ta watan Agusta 2011 an fasa wani kantin Poundland a unguwar Peckham. Da aka toshe shi, sai mazauna wurin suka riƙa liƙa 'yan takardu a jikin katakon, kowa yana rubuta abin da ya sa yake son unguwarsu, har takardun suka rufe shi. An adana su daga baya. A Minneapolis ma masu zane sun cika katakan 2020 da hotuna, kuma da aka zo cirewa wasu matasa suka bi suna tattarawa don kada a zubar.

A ƙasarmu sana'ar ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin shagunan Kantin Kwari da Sabon Gari ƙofofin ƙarfe gare su, in an ɓalle su mai walda ake nema. Sai dai bankuna da manyan kantuna masu gaban gilashi suna ta ƙaruwa a Kano da Kaduna da Abuja, kuma wawashe kayan da aka yi a Kano ranar 1 ga Agusta 2024 ya nuna irin daren da mai kanti kan bukaci wanda zai rufe masa gaban shago kafin asuba. Ko sunan aikin ma ba mu tsayar ba tukuna. Na zaɓi toshewa a wannan bayani saboda ta fi rufewa nuna gaggawa da rashin dawwama, ko da yake wani zai iya cewa dannewa ta fi dacewa da dabarar matsewar nan da muka bayyana.