Mai Bin Bashi a Gaban Alƙali, Ba Tare da Lauya Ba

Duk wanda ya san Tozai da sauran garuruwan ƙasar Illela, inda manomi ke ba falke albasa ko wake bisa amana sai ya dawo daga Ƙonni, dillali kuma ya karɓi shanu a kasuwar Lahadi da alkawarin biya mako mai zuwa, ya san cewa rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun karya 'yan kasuwa masu yawa da dukiyar jama'a a hannunsu. To, mutumin da haƙƙinsa ya maƙale a wurin wanda ya karye, alhali ba shi da abin ɗaukar lauya, ina zai dosa?

A tsarin boko akwai dokar karayar arziki ta 1979, wadda Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke da hurumin aiki da ita. Ba a hana kowa ya tsaya wa kansa a can ba, sai dai mafi kusa tana birnin Sakkwato, harshenta Turanci, kuma kuskure ɗaya a takarda yana iya sa a kori ƙara. Saboda haka talakan Tozai kotun shari'a yake nufa, inda magatakarda zai rubuta da'awarsa, a kai sammaci, ya yi bayani da bakinsa cikin harshen da ya tashi da shi.

A nan ne nake ganin sanin hukunci ya zama wajibi, domin malaman mazhabar Malikiyya, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid har zuwa Muhtasar na Halilu, sun yi bayani a kan taflisi, wato karayar arziki. Idan bashi ya rinjayi dukiyar mutum, masu binsa kuma suka nema, alƙali yana hana shi tasarrufi da ita, ya sayar, ya bar masa tufafi da abin ciyar da iyali na ɗan lokaci, sannan ya raba saura gwargwadon abin da kowa ke bi, har da wanda ajalinsa bai yi ba. Misali, in bashin ya kai Naira 1,000,000, dukiyar kuwa 400,000 ce, mai bin 100,000 zai tashi da 40,000. Wanda ya tarar da ainihin kayansa, kamar saniyar da ya sayar ba a biya shi ba, yana da zaɓi: ko ya ɗauki abinsa, ko ya shiga rabo. Amma in mutumin rasuwa ya yi, wannan fifiko ya faɗi, ya zama ɗaya da sauran masu bi. Wanda kuwa aka tabbatar ba shi da komai, Alƙur'ani ya yi umurni a jinkirta masa har ya sami sauƙi, kuma bai halatta a wulaƙanta shi ba.

Duk wannan ba ya amfanar wanda ya zo hannu sake, gama hujja tana wuyan mai da'awa: shaidu biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida guda tare da rantsuwarsa, tunda magana ce ta dukiya. Abin da ke damuna shi ne yadda kunya ke hana mu rubuta bashi tsakaninmu, bayan aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan haka ta sauka.

Ya kai mai bin bashi, idan ka ji an kira masu haƙƙi, kada nauyin zumunci ya zaunar da kai a gida har a gama rabo. Tafi da takardarka da shaidunka, ka faɗi adadi da ranar ciniki ba ƙari, sa'ad da alƙali ya yi maka i'izari kuma, wato ya tambaye ka ko kana da sauran hujja, ka kawo duk abin da ya rage maka kafin ya yanke hukunci.