Rage Iskar Ɗumama Duniya: Murhu, Gona da Fadamar Mairuwa

Iskar da ke ɗumama duniya iri uku ce mafi yawa. Akwai kabon, mai fita idan an ƙona itace, gawayi, fetur ko dizal. Akwai mitan, da ke fitowa daga cikin shanu da gonar shinkafar da ruwa ya daɗe kwance a kanta. Ta uku kuwa ƙasa ce ke sakinta idan takin zamani ya yi mata yawa. Sukan taru a sama su rufe duniya kamar bargo, zafin rana ya shigo ya rasa mafita. Rabon Afirka duka bai wuce kashi 4 cikin 100 na kabon da duniya ke fitarwa ba, amma a 2021, a taron sauyin yanayi na Gilasgo, shugaban Najeriya na lokacin, Buhari, ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 abin da Najeriya ke fitarwa ba zai zarce abin da take shanyewa ba.

A Mairuwa da ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa ba manyan masana'antu ba ne tushen hayaƙin. Murhu ne, da gona, da injin ban ruwa.

Murhu mai duwatsu uku ɓarnarsa ta fi aikinsa: harshen wuta na lasar gefen tukunya, yawancin zafin ya bi iska, hayaƙi ya cika idon mai girki. Murhun laka da aka gina ya rungume tukunya, da ƙofa guda ta tura itace, yana rage wannan asara, kuma kayan gininsa na nan a bayan gida. Na ƙarfe mai suna Save80, da ake haɗawa a Kano, 'yan ƙirare kawai yake ci, sai dai kuɗinsa ba kowane magidanci zai iya ba. Duk ƙunshin itacen da ba a ƙona ba, bishiya ce ta tsira a dajin Kogo.

A gona, darasi mafi girma daga Maraɗi ya zo. Tun wajajen 1983 manoman can suka daina tone kututture lokacin sassabe. Sai su zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Da wannan dabara, da suke kira sassaben zamani, kimanin hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa a Nijar. Bishiyar da ta tashi daga tsohuwar saiwa ba ta jiran ban ruwa, ba kamar dashen ranar bikin dasa itatuwa ba, wanda awaki kan cinye kafin baƙi su isa gida. Gawo ya fi dacewa da masara da dawa, domin da damina yake kaɗe ganye, ba ya yi wa shuka inuwa.

Ƙone kara da cinna wa daji wuta don farautar gafiya suna mayar da abincin ƙasa hayaƙi. Takin yuriya kuma, idan aka tona kusa da gindin masara aka binne shi, aka raba zubawa sau biyu, shuka ce ke cin mafi yawansa. Watsa shi a fili asarar kuɗi ce.

Sai fadama. Kowace litar fetur da injin ban ruwa ya sha tana sakin kimanin kilo 2.3 na kabon. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, manoman rani da dama a Arewa suka mai da injinansu masu amfani da gas, masu hali suka sayi famfon sola. Ba wa'azin sauyin yanayi ya kai su ba, tsadar mai ce. Ga masu noma a bakin madatsar Mairuwa, cikas ɗin sola kuɗin saye ne a tashin farko, da tsoron barin kaya a gona saboda rashin tsaro. Manoma huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su sayi famfo guda, su riƙa ban ruwa bi da bi.