Bankin shara

A da, sharar gida ba ta da wuyar zubarwa a ƙasar Magariya da Dungas. Toka, kashin awaki, ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa duk a juji ake tara su. In bazara ta yi, sai a loda wa jaki ko amalanke a kai gona. Su ne taki.

Yanzu shara ta sake kama. Akwai leda, robar ruwa, gwangwani da mataccen batir. Leda ba ta ruɓewa kamar ɓawon gyaɗa. Tana toshe hanyar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai. In akuya ta ci ta, sai ta dunƙule a tumbinta, akuyar ta yi ta ramewa har ta mutu. Mahauta sun san wannan sarai. Shi ya sa a shekarar 2014 gwamnatin Nijar ta kafa dokar hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita. Duk da haka, ledar ba ta bar kasuwa ba.

A wata ƙasa mai nisa, Indunusiya, mutanen Bantul sun yi dabara a shekarar 2008. Sun buɗe bankin shara. Kowane gida yakan ware shararsa: roba dabam, takarda dabam, ƙarfe dabam. Ranar da aka tsayar, sai a kai banki. A auna a sikeli, a rubuta kuɗin a ɗan littafin mai kaya. Banki ya tara da yawa, ya sayar wa masu narkawa. Mai littafi yakan karɓi kuɗinsa ranar buƙata. Yau irin waɗannan bankuna sun kai dubbai a can.

Rabin wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ƴan gwangwan suna yawo suna sayen tsohon ƙarfe. Maƙera suna narka gwangwanin lemo, su zuba tukunya da ludayi. Bambancin shi ne littafin. Yaron da ya sayar da ƙarfe ya samu dala biyar, a alewa take ƙarewa. Wadda aka rubuta kuwa, taruwa take yi har ta sayi alƙalami da littafin rubutu.

Baƙar leda ce mai wuyar sha'ani. Ba ta da nauyi, sai an tara tuli kafin a samu kilo guda, masu saye kuma sun fi son ƙarfe da roba mai kauri.

Tambayoyi
1. Me leda take yi wa akuya?
2. In kilo ɗaya na roba dala 20 ne, nawa za a rubuta wa wanda ya kawo kilo 3?