Agara ba ƙashi ba ce: abin da na koya kafin in amince da tiyata

Wata safiyar Asabar muna buga ƙwallo da abokan aiki, na zabura zan tari ƙwallo, sai na ji kamar an doke ni da sanda a bayan dunduniya. Na waiwaya a fusace domin in ga wanda ya yi mini ƙeta, babu kowa kusa da ni. Daga baya na fahimci cewa kusan duk wanda agararsa ta tsinke haka yake ba da labari.

Agara ita ce jijiya mai kaurin nan da ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin dunduniya, kuma babu jijiyar da ta fi ta ƙarfi a jikin ɗan Adam. Tsinkewarta ta fi samun maza masu shekaru 30 zuwa 50, wato irinmu da ke zaune a ofis duk mako, sannan rana ɗaya mu nemi jiki ya yi abin da ya yi shekaru ashirin da suka wuce. Har ƙwararru ba su tsira ba. Ita ce ta hana David Beckham buga gasar cin kofin duniya ta 2010.

A ƙaramin asibitin da aka fara kai ni an ɗauki hoton ƙashi, aka ce babu karaya, targaɗe ne kawai. Daga nan dangi suka kira maɗori, ya ja, ya murza, ya ɗaure. Ba na raina maɗora, domin na san mutanen da suka warke a hannunsu. Sai dai ilminsu na ƙashi ne, kuma hoton da aka yi mini ƙashi yake nunawa. Mako biyu suka tafi a haka ina jan ƙafa, na kasa ko da ɗage, kafin wani jami'in sashen gashi ya sa na kwanta rubda-ciki, ya matsa sha-raɓata. Idan agara na nan lafiya, tafin ƙafa zai motsa da kansa. Nawa bai ko gezau ba. Gwaji ne na minti ɗaya da ba ya bukatar na'ura, sannan aka tabbatar da sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu.

Jinkiri shi ne babban haɗari. Bayan kimanin mako huɗu zuwa shida, ɓangarorin jijiyar biyu suna ja da baya, ɗinkin da zai yi sauƙi ya koma babban aiki, wani lokaci har sai an aro jijiyar da ke motsa babban yatsan ƙafa an cike giɓin.

Amma kada mai karatu ya ɗauka wuƙa ce kaɗai mafita. Idan an gano matsalar da wuri, ana iya ɗaure ƙafar da siminti ko takalmi na musamman, yatsu na kallon ƙasa, jijiyar ta haɗe da kanta, a bi da gashi. Tiyata tana rage yiwuwar sake tsinkewa, sai dai fatar wurin ba ta da wadatar jini, don haka ciwon kan yi jinkirin warkewa ko ya ɗauki ƙwayoyin cuta, musamman ga mai ciwon suga da mai shan taba. Ciwon agara na yau da gobe kuwa, wanda ba tsinkewa ba ne, watanni ake yi ana motsa jiki na musamman kafin a ambaci tiyata.

Wa za a nema? Likitan tiyatar ƙashi wanda ya kammala horon ƙwarewa, ba duk mai farar riga ba. A Arewa muna da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ɗan'uwan na Igbobi a Legas da na Enugu, ga asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Mu mutane ne masu jin nauyin likita, muna ganin tambaya rashin kunya ce. Ni na cire wannan nauyin. Na tambayi likitan sau nawa yake yin wannan aikin a shekara, me zai faru idan ban yi ba, kuma wa zai kula da ni bayan an fito da ni. Ya amsa ba tare da ɓata rai ba, ya kuma tambaye ni ko na sha Ciprofloxacin kwanan nan, maganin da muke saye barkatai da sunan taifod. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mai ƙarfi cewa dangin wannan magani na iya jawo tsinkewar jijiya. Na sha shi wata guda kafin ranar. Wannan tambayar ce ta sa na natsu da shi fiye da takardun da ke rataye a bangon ofishinsa.

An yi mini aikin saboda jinkirin da na riga na yi. Na shafe makonni ina salla a zaune, ɗalibaina suna zuwa gida da babin kundinsu. Gashi ya ci watanni, kuma kuɗinsa da na zirga-zirga sun kusa kamo na tiyatar, abin da ban sa a lissafi ba tun farko. A wata na bakwai na fara hawa benen tsangayarmu ba tare da na dafa bango ba.